Masta Mutaru Da Ruwan Motar Imoru

Mutaru makanike ya tsayar da ruwan da yake taruwa a motar marigayi Imoru, a shekarar da aka sauke tutar Turawa. Bana ya ajiye aiki, ido ya gaza. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ba na yabon mutum a banza. Wannan zan yabe shi.

Da an sallame asuba yake fita. Ya sha koko a tsaye, ya wuce inuwar da yake aiki a unguwar Lamashegu. Gyaran inji na kowa ne. Abin da ya fi kowa a kai shi ne bin sawun ruwa idan mota tana yoyo ta ciki. Kayan aikinsa buta, garin rogo, da siririyar waya. Yakan barbaɗa garin a cikin mota, ya shiga ya rufe ƙofa, ya sa mai motar ya riƙa tsiyaya ruwa da buta. Daga ƙasa ake farawa, a hau a hankali. Mai gaggawa da ya kwarara a rufi, korarsa yake yi. Inda ruwa ya bi, gari zai nuna. Kuma ba ya yanke magana sai ya ɗanɗana, don ya ce ruwan sama daban, na lagireto daban.

Imoru direban haya ne a unguwar Gumbihini. Wata rana a hanyar kudu ya tsaya, ya gangara kogi da galan don ya ɗebo wa motar ruwa. Galan ɗin kawai aka gani. Ba a samu gawa ba. Wani direba ya kawo motar gida, aka ajiye ta a gindin dogon-yaro.

Lokacin zafi ne, sama ko gajimare babu. Amma kowace safiya sai a tarar da ruwa a gaban kujerar direba, daidai inda ƙafa take takawa. Baƙi-baƙi, mai sanyi. Lariba, matar marigayin, ta goge da tsumma. Gari ya waye, ruwan ya dawo. Direban da ta samo don ya ci gaba da tuƙa motar ya buɗe ƙofa, ya duba, ya rufe, ya tafi ko sallama bai yi ba. Mata suka daina bi ta ƙofar gidan. Aka ce Imoru ne yake fitowa daga kogi ya zauna a mazauninsa yana ɗiga.

Wumpini, yayan marigayin, ya ce matacce ba ya zuwa sai an kira shi. Ya rantse a gaban dangi cewa duk wadda take kiransa, ko wace ce, sai an kai ta ƙauyen da ake zubar da mayu. Wadda aka kai can ba ta dawowa. Mata biyu ne a gidan: Lariba, da tsohuwa Mma Barikisu, uwar Imoru, kishiyar uwar Wumpini ce amma kishi ba ta taɓa yi ba, ita ta goye shi da tasa uwar ta rasu.

Lariba ce ta je Lamashegu.

"Masta, ka zo ka duba. Kowa ya ƙi."

"Ruwa ne?"

"Sun ce ba ruwan duniya ba ne."

"Yana jiƙa tsumma?"

"Yana jiƙawa."

"To, mu je."

Da hantsi ya isa. Mutane sun taru nesa, ba wanda ya matso. Ya buɗe ƙofa, ya tsoma yatsa, ya kai baki. Wata mata ta yi salati. Harshensa ya gaya masa abu biyu: ƙaro da gawayi. Wannan ɗanɗanon tawadar allo ne, ruwan rubutu.

Ya share, ya barbaɗa gari, ya miƙa wa Wumpini buta. Ya shiga, ya zauna a kujerar mamacin, ya ja ƙofa. Ciki zafi, da warin rima, da hular Imoru har yanzu tana rataye. Wumpini ya zuba a gindin ƙofa. Shiru. Ya zuba a gilashin gefe. Shiru. Da ya zuba a gindin gilashin gaba, Mutaru ya ji wani abu yana tafiya a bayan allon sitiyari, a hankali, kamar mai laluben hanya. Ɗigo ya faɗo. Wani ya biyo. Baƙin layi ya ratsa farin gari, ya gangara, ya tsaya a tsakanin ƙafafunsa.

Buta ta ƙare, Wumpini ya shiga gida ya ƙaro. A nan ne Mutaru ya ɗaga kai ya ga fuska a jikin jiƙaƙƙen gilashi. Mma Barikisu ce. Bai ji takunta ba. Ta dafa motar, bakin faratanta duk tawada. Ba shi take kallo ba, mai kujerar take kallo.

"Imoru," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ka daɗe."

Ya ce, "Na daɗe, Mma. Koma inuwa, rana ta yi zafi. Ki wanke hannu."

Ta koma.

Abin da ya gane ke nan. Tun Imoru yana da rai, kullum kafin ya fita, uwar takan wanke allo ta zuba a gilashin gaba don Allah ya dawo da shi. Da ba ta ga gawa ba, ba ta daina ba. A gindin gilashin akwai magudana da take kai ruwa ƙasa. Imoru yakan share ta. Da babu shi, ganyen dogon-yaro da 'ya'yansa suka toshe ta, ruwa ya juya ciki.

Mutaru ya fito, ya zura waya, ya sosa. Ruɓaɓɓen ganye ya faɗo ƙarƙashin mota, baƙin ruwa ya biyo. Aka sake zubawa, gari ya zauna fari.

"Ganye ne," ya ce.

"Ganye ba ya haifar ruwa, Masta," in ji Wumpini. "Sama ba ta zubar ba. Wa ya zuba?"

"Inda ya shiga aka ce in nemo. Ga shi nan."

"Ka ɗanɗana. Na ga fuskarka."

"Fuskata haka take tun haihuwa."

Wumpini ya kai shi gaban dattawan unguwa. Ina cikinsu. Mun matsa masa, ni na fi kowa, don ba na son a raina zaman dattawa. Abin da ya faɗa a ƙofar gida shi ya maimaita. Wumpini ya hana danginsa kai masa mota, har yau ba sa kaiwa.

Motar ta koma hanya. Tsohuwa ta ci gaba da zuba rubutunta kowace asuba, ruwa yana bi ta magudana ya sauka ƙasa, ba wanda ya sani. Bara ta rasu a ɗakinta, Wumpini ne ya sa ta a kabari. Bayan an share makoki Lariba ta ba ni labarin, har da abin da ta ji daga bayan mota.

Masta, kai ne ka zauna inda maza suka ƙi zama. Kai ne ka amsa wa uwa da muryar ɗanta, ka fito ka rufe bakinka. Mun gode. Allah ya saka. Masu tasowa a wannan sana'a, ku fara daga ƙasa kamar shi, kuma ku san inda aikinku ya ƙare.

Kafin in rubuta wannan na je na same shi a inuwarsa, butar tana gefensa. Na ce, "Masta, tsohuwa ta tafi, ba mai korar ta yanzu. Ina so in ji daga bakinka. Ita ce ta zuba?"

Ya juyo da idon da ba ya gani sosai.

"Ba zan faɗa ba."