Mai Koriyar Kwalba

Mai sharar ofis ta dogara da tsintsiyarta tana kallon baƙon da ya zo tallar maganin wanke kafet. Dogo ne, ya sha koriyar riga, yana rungume da kwalbarsa kamar jaririn da aka haifa yau. Hannayensa sumul. Ta rantse ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba. Irinsu ne uwa ke wanke wa safa har su yi gemu.

"Ranka ya daɗe, wannan da ganye aka yi shi," yake gaya wa manaja. "Ba ya ɓata muhalli, ba ya cin fata. Wancan sinadarin naku guba ne."

Wannan kam ba sai an gaya mata ba. Shekara goma sha ɗaya tana shaƙarsa, yatsunta duk sun tsattsage. Amma gubar tana fitar da tabo, kuma in tabo ya kwana, mai shara ake kira.

Sai da baƙon ya shimfiɗa hankici kafin ya durƙusa. Ya fesa maganin a kan wani tabon tawada, yana gogawa da yatsu biyu kamar kafet ɗin zai cije shi. Tabon ya ɗan dushe, ya ƙara faɗi. Ya miƙe yana murmushi, ya ɗora takalminsa daidai wurin, ya ci gaba da zuba.

Manaja na gyaɗa kai, har ya zaro biro.

"Ɗan nan," ta ce, "ɗaga ƙafarka tukuna. Kai yanzu za ka kama gabanka, ni da tabon nan gobe muna nan."