Wanda Ya Makara, Leda Goma

Ƙarfe huɗu da rabi daidai, ba da minti ɗaya ba, Gwaggo Tabawa za ta ɗauki guntun rodinta ta nufi tsohon ƙarfen tayar motar nan da ke rataye a darbejiya, ta narka masa. Ƙwam! Ƙwam! Ƙwam! Masu shayin Gyadi-Gyadi da shi suke saita agogo. Duk wanda ƙafarsa ta tsallako ƙofar makaranta bayan bugu na uku, to ya san hukuncinsa: ya sunkuya ya tsinto ledar ruwa goma a fili, ya kawo ta duba, sannan ya zauna.

Ku da kuka san ta ba sai na faɗa muku ba. Ƙanwar babana ce, a firamaren unguwarmu ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koyarwa. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta ja carbi kamar sa'o'inta, sai ta roƙi hedimasta ajin ƙarshe na jikin katanga, wanda yara suka bari don yoyo. Ta gyara shi ya zama na jama'a: yau mata masu koyon karatu, gobe ɗinki, jibi awon jarirai, ran Asabar zaman 'yan adaidaita sahu. Matsala ɗaya ce, ajin a bakin titi yake, kuma duk mai kuɗin da ya wuce shaguna yake hangowa a wurin.

"Duk wanda ya shigo ƙofar nan ɗalibi ne," haka take cewa. Ba ta san rawani ba, ba ta san furfura ba.

Kun tuna Ɗanlami mai adaidaita? Kullum a makare.

"Malama, wallahi cunkoso ne a Unguwa Uku."

"Yau aka ƙirƙiro shi? Goma."

Sai ya yi dabara. Ran nan ya shigo yana yaƙe baki, ya zaro leda goma cif daga aljihu, ashe tun a hanya ya tsinto abarsa. Gwaggo ta gyara tabarau, ta ɗaga ɗaya sama kamar mai duba jabun kuɗi.

"Wannan ba tamu ba ce. Yaranmu tauna bakin suke yi. Wannan babba ne ya sha ta, mai cikakken haƙori. Ashirin!"

Ni kaina 'yar ɗan'uwanta ban tsira ba. Ina da cikin wata tara, na jawo ƙafa da ƙyar na iso.

"Haba Gwaggo, dubi halin da nake ciki!"

"Na gani, Binta. Ki gode Allah ban ce ashirin ba, ku biyu kuka makara."

Kai, matar nan!

Amma ranar da ba za a manta ba ita ce ranar Alhaji Auwalu. Shi ne ya samo takardar rushe ajin a yi shaguna, aka sa zama da jama'ar unguwa don a sanar da mu. Aji ya cika har tagogi. Biyar saura kwata sai ga shi, shadda tana ƙara, turare na tashi, wani jami'i na biye da shi da fayil.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Goma goma."

Ya yi dariya, ya waiwaya ya ga ba mai taya shi.

"Malama, kin san ko ni wane ne?"

"Na sani mana. Makararre."

Ta naɗe hannu ta ce ba a buɗe taro sai an cika doka. Can sai wata murya daga bencin baya ta ce, "Kai wannan! Sunkuya. Ni ma jiya goma na tsinta da wannan gwiwar tawa."

Inna Delu ce, mahaifiyarsa! Ashe bai san tana zuwa ba, cewa take a gida za ta dubiya. Wallahi da idona na ga Alhaji ya tattare babbar riga a kafaɗa yana bin leda, iska na yi masa wasa da ita. Da ya dawo yana haki, Gwaggo ta miƙa wa tsohuwar alli.

"Inna Delu, nuna masa aikin jiya."

Kun san ɗan fari ne, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ta tashi, ta rubuta a allo, harafi ɗaya na hawa kan ɗaya: AUWALU. Alhaji ya daɗe yana kallon allon nan. Jami'in ya buɗe fayil, Alhaji ya sa hannu ya rufe masa. Sai Gwaggo ta leƙa ledojin da ke hannunsa ta ce, "Tara ce fa, Alhaji."

Ran Larabar da Gwaggo ta rasu, da safe ne, kafin azahar an kai ta. Ba wanda ya ce a zo, amma bayan la'asar sai ga mutane a gindin darbejiya, tsaye cirko-cirko. Ni tsoro ne ya cika ni, don na san takardar nan tana nan, idon Gwaggo kawai ake ji. Huɗu da rabi ta yi, ta wuce, ba bugu.

Ɗanlami ya share ido ya ce, "Yau dai Malama ta makara."

Muka yi dariya muna kuka. Sai ga motar Alhaji Auwalu. Ya fito, ya tattare riga, ya shiga fili. Ya dawo ya zube ledoji a gabana.

"Duba, Binta. Goma tawa, goma ta Malama." Ya ɗauko rodin ya danƙa mini. "Buga. Inna na da karatu yau."

Na buga.

Allah, baiwarKa Tabawa ba ta taɓa makara wajen bayinKa ba. Kada rahamarKa ta makara gare ta. Ka haskaka kabarinta, Ka sa ta huta. Amin.