Mai Askin da Ya Ƙi Matsa Ƙuraje

Kafin 'yan acaɓan tashar Kafin Maiyaki su gama ɗumama mashinansu, Malam Sha'aibu mai aski ya riga ya share ƙofar shagonsa, ya ɗora tukunyar ruwa a kan gawayi. Tawul yake fara tafasawa, ya shanya a igiyar da ta haɗa shagonsa da nawa, sannan ya goge bakin injin aski da sifirit, ya zauna jiran mutum na farko. Ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, kuma fiye da shekara ashirin ina kallon wannan hidimar ta saman keken ɗinkina. A 'yan shekarun nan jiran nasa yakan kai hantsi. Wata ran har azahar ba wanda ya zauna a kujerarsa.

Ba don bai iya aski ba ne. Laifinsa ɗaya a garin nan: ba ya matsa ƙuraje.

Wanda bai san shagunan askinmu ba, bari in gaya masa. In an gama wa saurayi aski, akwai gyara da ake yi masa. Mai aski zai karkatar masa da kai, ya sa manyan yatsu biyu ya bi ƙurajen fuskarsa ɗaya bayan ɗaya yana fasawa, ya zuba sifirit, yaro ya ciji leɓe, a bi da hoda. Samari suna son abin nan kamar me, in ba a yi musu ba gani suke an cuce su. A kujerar Malam Sha'aibu kuwa, ko kai da kanka ka kai hannu fuskarka, sai ka ji bayan mataji a yatsunka. "Sauke hannunka," abin da zai ce ke nan, ya ci gaba da askinsa.

Fuskarsa ta ƙara ba masu tsegumi abin faɗa. Kumatunsa rami-rami ne kamar gonar da aka tone dankali, har samari suna kiransa Hanyar Falgore a bayan idonsa, saboda ramukan titin. Wai wanda ya kasa gyara tasa shi zai koya wa wani? Rannan wani mai ƙarfin hali ya faɗa masa ido da ido. Bai yi fushi ba. Ya ja yaron gaban madubi ya ce, "Duba da kyau. Wannan aikin maigidana ne da ya koya mini aski. Duk Juma'a sai ya matse ni, kuma don ƙauna yake yi. Ƙurajen sun tafi tun ba a haife ka ba, ramukan kuwa da su za a binne ni." Yaron ya yi dariya, ya tsallaka titi aka matse shi a shagon wani mai aski.

Ana nan sai ga wani ya kafa tebur a bakin kasuwa da lasifika, yana kiran kansa Dakta. Man shafawa iri-iri yake matsewa a roba ya cakuɗa, ya zuba a 'yan kwalabe marasa suna, ya ce haɗi ne. Gaskiya cikin mako guda fuska takan yi sumul, har da ɗan haske. Ba wanda ya tsaya tambayar me ya sa duk wanda ya saya sau ɗaya sai ya dawo.

A nan Ghali ya shigo, ɗan ƙanwata Salamatu. Acaɓa yake yi da mashin ɗin wani, kuma da shi gidansu ke ci tun rasuwar mahaifinsa. Ƙurajen balaga ne suka fito masa kamar kowa, abokai suna tsokanarsa wai aure yake so. Aka matse, suka dawo. Ya shafa man goge baki, ya shafa toka da lemon tsami, suka dawo. Abokan aikinsa a tasha suka ce ya gwada man birki, tunda yana tsayar da mashin ai ƙurji ba zai gagare shi ba. Wallahi ya shafa. Daga nan sai teburin Dakta. Da ƙaramar Sallah fuskarsa har sheƙi take yi, ni kaina na ɗinka masa kaftani ina yaba masa. Da kwalbar ta ƙare, ƙurajen suka dawo da 'yan uwansu. Ya sake saye, suka lafa, suka sake dawowa manya, masu zafi, har wuya. Fatar ta yi ja, ko rana ta taɓa shi sai raɗaɗi.

Ya koma ɗaura takunkumi. Fasinja suka fara tsallake mashin ɗinsa, aka ce cuta ce mai yaɗuwa, alhali ƙurajen fuska ba a ɗaukar su a jikin kowa. Abin da ya fi ƙona mini rai, masu askin da suka yi shekaru suna matse shi su suka fara cewa kada ya ɓata musu inji. Ghali ya daina fita. Mai mashin ya aiko cewa in ba zai yi aiki ba a kawo masa makullinsa.

Salamatu ta zo shagona tana kuka, "Yaya, yaron nan ko madubi ba ya son gani. In aka karɓe mashin ɗin nan ina za mu sa kanmu?" Bangon shagonmu ba shi da kauri, Malam Sha'aibu ya ji komai. Washegari, ranar kasuwa, rana ɗaya tilo da yake ɗan samun baƙin ƙauye, Malam Sha'aibu ya rufe shagonsa ya je ya fito da Ghali daga ɗaki. Asibitin Tudun Wada ya kai shi, wajen wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Hamdiyya, wadda ya daɗe yana tura mata irin waɗannan yaran, duk da mafi yawansu ba sa zuwa.

Da suka dawo da magani, ina ji yana maimaita wa Ghali abin da aka gaya musu. "Ka ji dai da kunnenka. Fata ce ke fitar da maiƙo, ƙofar ta toshe, sai ƙurji. Balaga ke ƙara maiƙon, ba dattin jini ba ne, ba kuma son aure ba. Haɗin nan danne su yake yi, ba ya warkarwa, shi ya sa kana dainawa suke tasowa da fushi. Maganin gaskiya kuwa sai an yi wata biyu, uku kafin ka ga aikinsa. Ko fuska ta yi kyau ba a yar da shi sai masu asibiti sun ce."

"Baba, wata uku? Wa zai jira ni wata uku?"

"Ni," in ji shi.

Ba a banza ya faɗa ba. Shi ya je ya durƙusa wa mai mashin, yana dattijo, har aka yarda wani ya riƙa ja kafin Ghali ya samu sauƙi. Kullum da safe Ghali zai zo shagon ya wanke fuska da ruwa mai ɗumi da sabulu marar zafi, ba soso, ba dirzawa, ya goge da tawul ɗin da aka ware masa. Da yamma haka. Aka hana shi shafa mai mai maiƙo a fuska, aka sa shi wanke hularsa da rigar matashinsa. Gemunsa da almakashi ake rage masa, reza ba ta kusantarsa.

Makonnin farko fuskar ta ƙara rincaɓewa, kamar yadda Malama Hamdiyya ta ce za ta iya yi bayan barin haɗi. Ghali ya tsaya a tsakiyar shago yana ihu, "Kai ka ƙarasa ni, Baba! So kake in zama irinka!" Salamatu ma ta zo ta faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Ya sunkuyar da kai har ta gama, sannan ya ce, "Allah ya huci zuciyarki. Gobe dai ya zo da wuri." Da safe na ga ya ɗora ruwa kamar ba a yi komai ba.

Kafin a gama girbin dawa fuskar Ghali ta kwanta. Tabon matsa da na man birki yana nan, ba inda zai je, amma ya cire takunkumi ya koma tasha. Kuna tsammani garin nan ya ce sannu? Wasu suka ce dama lokacin tafiyar ƙurajen ne ya yi. Dakta kuwa ta lasifika yake nuna shi in ya wuce, "Ga yarona nan, haɗina ya shafa!" Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya shafa ɗin.

A watan jiya mai ginin da yake haya ya ce ya samu wanda ya fi Malam Sha'aibu ƙarfin riƙe shagon. Ba sai na faɗa muku ko wane ne ba. Malam Sha'aibu bai yi jayayya ba, ya ce dama idonsa ya fara rauni, gara ya koma gonarsa a Burumburum. Ba taro, ba jawabi. Ghali ne ya ɗaure kujerar askin a bayan mashin, yana ɗaurewa yana share ido, har hannunsa ya kai kan kuncinsa. Dattijon ya kaɗe hannun ya ce, "Sauke hannunka." Madubin kaɗai aka bari, don a jikin bango yake.

Malam Sha'aibu, mai hannun da ba ya cuta. Kai ne ka gwammace kujerarka ta yi ƙura da ka bar rami a fuskar ɗan wani. Kai ne ka mai da fuskarka abin nuni, aka yi maka dariya, ba ka ɓoye ta ba. Kai ne ka jira yaron da ba ka haifa ba, lokacin da mu danginsa muka rasa abin yi. Na gode, Salamatu ta gode, kuma ta ce in roƙa mata gafararka. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa wa gonarka albarka.

Ku kuma masu aski, ku bar gyaran nan, ba alheri ba ne. Iyaye, in ƙuraje sun ƙi ci sun ƙi cinyewa, asibiti za ku kai yaro, ba bakin kasuwa ba, kuma ku taya shi haƙuri. Mai son yi wa dattijon nan godiya ya je yanzu yana da rai, Burumburum ba nisa.

Ni dai ina nan ina ɗinki, lasifikar Dakta na cika mini kunne ta bangon nan marar kauri. Jiya wani saurayi ya fito daga shagon da kwalba a aljihu, ya tsaya a ƙofata yana taɓa kuncinsa. Ban san lokacin da na ɗago daga keke na ce masa, "Sauke hannunka" ba. Ya dube ni, ya yi dariya, ya wuce.