Waya ta Uku a Gidan Wendell

Wendell Hrycak maƙwabcina ne a Winnipeg, garin tsananin sanyi, shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ya raba mu. Tsohon direban bas ne mai taurin kan tsiya. Bai taɓa kiran mai gyara gidansa ba, in ka ba shi shawara sai ya kalle ka kamar ka zagi uwarsa.

Da matarsa Marlys ta sami shanyewar ɓarin jiki, 'yarsu Dana ta ce a kai ta gidan kula da tsofaffi. Ya ce sai dai bayan ransa. Dana ta gindaya sharaɗi: muddin ɗakin Mama bai yi ɗumi ba, magana ta ƙare. Na'urar da ke kunna injin ɗumama gidan kuwa tana manne kusa da kicin, zafin murhu na ruɗarta, ɗakin Marlys yana nan kamar firji.

Sai ya sayo sabuwa, irin mai wayon nan, ya ce a ɗakin Marlys zai kafa ta. Tsohuwar na'urar wayar lantarki biyu gare ta, wannan uku take so. Kwana uku yana rarrafe a ɗakin ƙasa, yana zura waya cikin bango, ni ina riƙe da tocila ina shan masifa.

"Bangon za ka haska, malam, ba ƙeyata ba."

Wallahi ranar da na'urar ta kama aiki sai da ya yi ƙwalla.

Wata Talata cikin Janairu ya fita karɓo magani, layi ya riƙe shi awa uku. Dana ta riga shi isowa. Ta tarar da uwarta hannuwa sun yi sanyi ƙalau, ga ba bakin kiran kowa.

Ashe na'urar ido gare ta. In ba ta ga motsi ba sai ta rage wuta, wai tattali. Marlys kuwa ina ta ga motsi? A fuskar na'urar an rubuta ba kowa a gida. Daga baya muka ji da danna ɗaya ake kashe wannan wayon. Bai karanta takardar ba, ni ma ban ce ya karanta ba, abin yana cina har yau.

Dana ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Kayan uwar kawai take naɗewa tana cewa, "Baba, ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Da motar gidan tsofaffin ta tafi da Marlys, na same shi zaune a bakin gadon, bai ko cire takalmi ba.

"Shekara hamsin da biyu tana cikin gidan nan," ya ce. "Ka ji fa. Wai ba kowa."