Hidde, Yayan Renske

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Nuwamba, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina Hidde Wiersma a gidansa da ke garin Dokkum, bayan jinyar ciwon dajin hanta. Shi Ya ba mu aronsa, Shi kuma Ya karɓi abinSa.

Hidde, wasu za su yabe ka da sana'arka ta gyaran keke. Ni kam ba zan yi ƙarya don ka mutu ba, keken da ka gyara mini har yau kuka yake. Abin da nake bugun ƙirji da shi daban ne, wato riƙon da ka yi wa ƙanwarka Renske.

Tun tana budurwa take fama da lalurar saurin juyawar hali da likitoci ke kira bodalain. Da safe kai ne uwa kai ne uba, kafin yamma ta ce ba ta da maƙiyi kamarka. Tushen abin duka tsoro ne, kada a guje ta. An kuwa guje ta. Miji ya kama gabansa, ƙawaye suka zame, dangi suka koma aiko katin Kirsimeti.

Kai sai ka zauna da likitarta ka koyi abin da za ka koya, ka ware mata Laraba. Ka rufe shago, ku je kasuwa ku ci soyayyen kifi a tsaye. In ta kira ran Litinin ta ce in ba ka zo yanzu ba to ba ka ƙaunarta, sai ka ce, "Renske, yau ba zan zo ba. In abin ya yi tsanani kira likita, ko ni in kira. Laraba kuwa, ko da ruwa ko da iska, ina ƙofarki." Masu aiko kati suka ce zuciyarka ta bushe. Kunyarsu kaɗan ce.

Da idona na ga Larabar da ta ƙi buɗe maka. Ka zauna a dakali, ka cinye kifinka ka haɗa da nata, ka ɗaga kai ka ce, "Naki ya fi daɗi!" Ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, kai fa ɓarawo ne!" Tana zagi tana dariya ta sauko.

Da likita ya ce kwanakinka sun ƙure, dangi suka ce a ɓoye mata, don kowa na tsoron kada ta yi wa kanta illa. Ka ce sam, ba za ta ji a bakin wani ba. Ka je da ƙafarka ka faɗa mata. Ta ce ashe kai ma ɗaya ne da sauran, ta rufe ƙofa. Makonni kana zuwa da sanda kana komawa, har Larabar da ƙafa ta gaza. Ranar ita ta zo, riƙe da kifin da ba ka iya ci. Daga nan tare da matarka Baukje suka yi jinyarka har ƙarshe.

Renske ce ta tuƙa keken da ya ɗauki akwatin gawarka zuwa maƙabarta, muna biye. Da aka zauna shan kofi da kek, kowa sai satar kallonta yake. Ta aje kofi ta ce, "Ku daina kallona kamar ƙwai a cokali. Yaya tafiya ya yi, ba gudu ba. Na san bambancin, shi ya koya mini."

Na yi kuka, Hidde, kuma ban taɓa jin alfahari da kai irin na ranar ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya ba ka hutu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baukje da yara da dukan dangi. Ke kuma Renske, Allah Ya ƙara miki ƙarfin zuciya, Ya sa mu da muka rage mu iya rabin abin da yayanki ya yi.