Ɗorawar Inna Ladi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Bichi, ni da direba da wani abokin aikina da ya dage sai ya sa kwat, wai kada a raina lauya a ƙauye. A tsakiyar bazara! Na ce masa Allah ya ba da sa'a.

Aikina ɗaukaka ƙara ne. Mu ba ma kawo sabon shaida, abin da aka faɗa a kotun ƙasa shi muke tonawa mu nuna inda alƙali ya kauce. Duk da haka ba na yarda in tsaya wa mutum ban taka wurin da ake rigima a kai da ƙafata ba. Wannan karon wata tsohuwa ce, Inna Ladi, a wani ƙauye kusa da Shanono. Mahaifinta ya ba maƙwabcinsa aron gona tun tana budurwa. Yanzu jikokin maƙwabcin sun ce daɗewa ta mai da gonar tasu, alƙali kuma ya ba su.

A Bichi muka karya da koko da ƙosai. Daga nan hanya ta fara nuna hali, rami yana miƙa mu ga rami. Sai a madatsar ruwa ta Watari ido ya huta, albasa da tumatir kore shar a bakin ruwa. Araha ta ɗebi direba ya cika bayan mota da tumatir, ya manta motar ba tasa ba ce. Gaba kuwa gona manne da gona, babu ko tafin hannu da ba shi da mai shi.

Ba mu sami Inna a gida ba, aka ce tana gonar. A gindin wata tsohuwar ɗorawa muka iske ta da ƙugiya tana kaɗo 'ya'ya. Ɗaya daga cikin masu shari'a da ita yana gefe yana sharar gona, bai hana ta ba. Daɗi ya kama ni, don abin da na zo gani ke nan. A ƙasar nan wanda aka ba aro, hatsi ne nasa, itace kuwa na mai gona ne. Shaidansu da bakinsa ya faɗa a kotu cewa Inna ce ke ɗibar ɗorawar kowace shekara, aka rubuta, aka wuce.

"Ɗana, ai bana ce ta ƙarshe," in ji ta. "Sun yi ciniki da masu gawayi. Da na gama kaɗewa za a sare ta."

Na duba, ga sawun gatari a jikin itacen. Raina ya ɓaci matuƙa.

Na ce, "Inna, kada ki gama. Ki riƙa kaɗowa kaɗan-kaɗan."

Ta yi dariya. "Da wannan bayan nawa? Ko ka ce in yi sauri ba zan iya ba."

Ta ƙulle mana daddawa muka juyo, mai kwat ya daɗe da rataye ta a kafaɗa. Da la'asar muka shigo Kano. Ban nufi gida ba, ofis na zarce, na zauna rubuta roƙon a hana taɓa itacen har a saurari ƙararmu.

Tafiyar ta ƙara tuna mini cewa layi guda da aka tsallake a takarda, gadon wani ne. Ita tana can tana kaɗowa a hankali. Saurin nawa ne.