Tukunyar da Lado Ya Dafa wa Inna Hansai

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Al-Ud ta Riyad a shekarun nan ya san kunun Baba Lado, ko da bai san fuskarsa ba. Ranar Juma'a da an sallame sai ka ga mutane sun nufo lungun gidanmu, direbobi da leburori da masu gadi, har da wani likita da yake tasowa da motarsa tun daga unguwar Shifa. Kunun zaƙi ne kawai a gorar ruwa, amma wanda ya sha sau ɗaya ba ya ƙara ganin lemon gwangwani da mutunci. Ni Bashari, mai gyaran famfo, ɗakinmu ɗaya da shi shekara da shekaru, mu shida a ciki, kuma ba wanda ya kai ni shan kunun nan kyauta.

Aikinsa na ainihi, wanda aka rubuta a iƙamarsa, wato katin zama, ɗaukar kaya ne a wani sito na tayil. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya haura hamsin, magana sai ta kama dole. Kunun kuwa a saman bene yake yin sa. Dawa yake saya wurin wani mai sayar da abincin tantabara, domin a garin nan jar dawa abincin tsuntsu ce. Mai shagon ya ɗauka Lado babban makiyayin tantabaru ne, kullum sai ya tambaye shi lafiyarsu, shi kuma ya ce suna gaishe shi. Sai ya jiƙa dawar ta kwana, ya tsane ta, ya shimfiɗa a kan buhu, ya rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, yana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fito da farin tsiro. Sannan ya shanya, ya niƙa da blanda. Garin tsiron nan shi ne sirrin, shi ke sa kunu zaƙi ba sai an cika sukari ba. In ka tambaye shi inda ya koya sai ya ce, "Wurin Inna," ya ja bakinsa ya tsuke.

Ba mu san wace ce Inna ba sai ranar da ta rasu, cikin tsakiyar zafin shekarar 2015. Ashe mahaifiyarsa ce. Ƙanensa Dalhatu ne ya bugo waya da safe ya gaya masa. Lado ya sa takalmi ya tafi gidan kafilinsa, Balaraben da ya ɗauko shi kuma yake riƙe da fasfonsa, aka ce ya tafi hutu ƙasar waje da iyalinsa, sai zafi ya sauka zai dawo. Ba kafili, ba izinin fita. Maganar zuwa gida ta mutu nan take.

Da yamma ɗakinmu ya cika da masu ta'aziyya. Malam Sha'aban, babbanmu a ɗakin, wanda yake jan mu salla in mun rasa jam'i, ya ɗaga hannu ya ce a yi mata Fatiha, a roƙa mata gafara. Kowa ya ɗaga. Sai muka ji muryar Lado, can ƙasa.

"Malam, ku dakata, kada in cuce ku. Inna ba ta salla."

"Kamar yaya ba ta salla?" in ji Malam Sha'aban. "Tsufa ne, ko rashin lafiya?"

"Bamagujiya ce. A kan abin da ta tarar da iyayenta ta mutu."

Ban taɓa ganin abu mai ciwo kamar hannuwan nan suna sauka ɗaya bayan ɗaya ba. Malam Sha'aban ba mugu ba ne. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Lado. Kai za mu yi wa addu'a. Ita kam ba mu da izini." Da ni ne, wallahi da na kama bakina na bar Fatiha ta wuce, wa zai bincika? Amma Lado ba ya iya ƙarya ko da shiru ne. Mutane suka riƙa zamewa, wannan ya ce yana da aiki, wancan ya ce ana jiransa.

Bayan 'yan kwanaki na hau bene shanya kaya, na tarar da shi yana yayyafa wa dawa ruwa, wadda ta ninka ta kullum yawa. A nan ya ba ni labari, ba tare da ya dube ni ba. Sunanta Hansai, a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, kuma ita ce mai giyar garin. Ba ta haifi mace ba, saboda haka shi ya tashi a gindin tukunyarta. Da ya musulunta yana saurayi ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka bar sha, amma kada ka bar hannun." Ita ce ta nuna masa daidai inda zai tsaya abin ya zama kunu, domin hanyar ɗaya ce, a ƙarshe ake rabuwa.

A garinsu, in ji shi, in babba ya mutu ana dafa masa giya, a cika ƙwaryar fari, a zuba a ƙasa a kira sunansa, sannan a ce an sallame shi. Hansai ita ta dafa ta duk wanda ya mutu a ƙauyen tun tana amarya. Sai gari ya juya, wasu suka shiga masallaci, wasu coci, ta rage ita kaɗai. Dalhatu ya ce mutum huɗu suka kai ta bayan gona suka rufe, ba salla, ba waƙa, ba ƙwarya.

"Masallaci ya ce ba tasa ba ce, coci ma haka," in ji Lado. "Nata mutanen kuwa duk ita ta sallame su. Ba wanda ya rage ya sallame ta sai ni."

Sai a lokacin na gane dalilin yawan dawar nan, ashe giya zai dafa mata.

"Baba Lado, a Riyad? Ka san kurkuku, ka san bulala, ka san jirgin tarhil da ake kwashe mutane a mayar gida da rigar jikinsu. Kuma haramun ne, kai ma ka sani."

"Na sani, Bashari. Ko ɗigo ba zai taɓa harshena ba. Ƙwarya ɗaya zan zuba a ƙasa in kira sunanta, sauran in zubar. Bayan nan in tuba. Ni ina da wurin tuba. Ita ba ta da kowa."

Ban ce ya yi daidai ba, har yau ma ban ce ba. Na shanya kayana na sauko.

Hansai da tukwanen ƙasa take aiki, a inuwar bukka. Ɗanta kuwa abin da yake da shi babbar tukunyar alminiyam ce, da ƙaramin murhun gas, da shuɗin durom na roba, da muciyar da ya sassaƙa daga katakon sito, da wani tsohon farin ƙyalle na tace kunu. Ƙwaryar ce kaɗai ta gida, da ita ya zo ƙasar a ƙasan jakarsa. Ya dama garin tsiro da ruwa a durom, ya bari ya kwanta, ya tsiyaye ruwan saman ya ajiye. Ya dafa na ƙasan har ya yi kauri kamar koko, ya mayar masa da ruwan nan, ya bar shi ya yi tsami. Sannan ya sake ɗorawa a wuta, yana juyawa yana kwashe kumfa, gumi na zuba daga haɓarsa, ya tace, ya bari ya huce. Har zuwa nan duk wanda ya leƙo cewa zai yi kunun Juma'a ne.

Mataki na ƙarshe ne ya ba shi wahala. Hansai da guntun tsohuwar giya take tayar da sabuwa, guntun da ya ce asalinsa daga tukunyar kakarta yake, ana ta gadonsa ba a taɓa bari ya yanke ba. Yanzu ya yanke. Dole Lado ya je baƙala, shagon kusurwa, ya sayo yis ɗin burodi a 'yar leda. Yana barbaɗawa ya yi dariya, ita ce kaɗai dariyar da na ji daga bakinsa a watan nan.

"Da Inna ta ga wannan, cewa za ta yi burodi na kwaɓa mata."

Saura ƙasa. Abin dariya ne a ce mutum yana tsakiyar hamada yana neman ƙasa, amma unguwarmu siminti ce da kwalta daga bango zuwa bango. Ƙasar da ake hangowa daga benenmu guda ce, ta maƙabartar Al-Ud, inda kullum muke ganin ana kai mutane da sahu da addu'a. Wannan kuwa ko kusa da katangarta ba zai je da abin ba. Sai ya shirya ranar Juma'a, ranar da ba aiki, zai zuba a gorar kunu, ya ɗauki tasi ya yi kudu ya wuce Shifa, inda gidaje suka ƙare yashi ya fara. Abin da yake buƙata kawai tukunyar ta yi haƙuri zuwa Juma'a.

A nan ya yi kuskure. Da lokacin garinsu ya yi lissafi, inda tukunya ke tashi a hankali cikin sanyin bukka. Bai yi da rufin bene a Riyad ba, inda ko ƙarfe ba ya taɓuwa da rana, bai kuma san rashin kunyar yis ɗin burodi ba. Tun kafin tsakiyar mako durom ya fara tafasa shi kaɗai, kumfa ta ture murfin, wari mai tsami ya biyo matakala har ƙofar ɗakinmu.

Da rana tsaka, lokacin da ake tashinmu daga aiki saboda zafi, Malam Sha'aban ya hau benen. Ya yi tuƙin tasi a Sabon Garin Kano yana matashi, ba ya buƙatar a gaya masa warin mene ne. Na bi bayansa. Muka tarar da Lado tsugune yana ƙoƙarin lulluɓe durom da jiƙaƙƙen bargo.

"Lado, kashe mu za ka yi?" Tsoro ne ya fi yawa a muryar Malam, ba fushi ba. "Mai gadin gidan nan ya tare ni a ƙasa yana shinshine-shinshine. In shurɗa, 'yan sandan nan nasu, suka shigo, ba kai kaɗai za su ɗauka ba. Mu shida ne, kowa da bakunan da ke jiransa a gida."

Lado ya faɗa masa komai a taƙaice. Malam ya share fuska da hannu.

"Ka zubar yanzu, a masai."

"Malam, ku bar min ƙwarya ɗaya zuwa Juma'a. Zan ɗaure ta a leda."

"Ko cokali, Lado. Don Allah kada ka sa in yi abin da ba na so."

Ba wanda ya taɓa durom ɗin sai shi. Ya rungumo shi ya sauko da shi, ya shiga banɗakinmu, wanda mutum shida ke amfani da shi. Ya cika ƙwaryar nan ta gida, ya tsuguna a bakin ramin masai, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai miƙa wa babba ruwa. Na ji ya ce, "Hansai, ga naki." Ya zuba. Sannan ya karkata durom ɗin, ya juye sauran. Malam Sha'aban ya bi da maganin wanke masai, ya saki ruwa, fuskarsa na kallon bango. Ni kuwa kuka nake yi, ban ma ɓoye ba.

Ba wanda ya kai ƙara, ba kuma wanda ya kore shi daga ɗakin. Amma magana ta fita, kamar yadda take fita a cikinmu. Juma'ar da ta biyo lungun ya zama wayam. Mutanen da suka shekara biyar suna lashe gorarsa suka fara cewa wa ya san abin da yake ba mu sha tun da can. Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai, domin na san ko kunu ya kwana ya fara tsami Lado zubarwa yake yi. Ya bayar da tukunyar, ya daina hawa bene. Yana salla a ƙarshen sahu, yana cin abincinsa shi kaɗai. Da kafilinsa ya dawo na ce ya nemi izini ya je gida, ya ce, "In je in ga wa?" Wata rana mun wuce ta gaban mai abincin tantabara, mutumin ya ɗaga murya yana tambayar lafiyar tsuntsaye. Lado ya ce sun mutu.

Sai da sanyi ya shigo, wata safiya ina haɗa kayan aikina, ya zo ya tsaya a kaina.

"Bashari, kai ka san hanyar bututu. Ruwan masai ɗin nan, ina yake zuwa? Yana taɓa ƙasa a wani wuri?"

Na ji daɗi na samu abin da zan ba shi. Na ce masa yana bin manyan bututu zuwa matata a bayan gari, daga nan a shayar da gonaki da itatuwan bakin titi. Na ce, "Ka ga ai ya isa ƙasa, Baba Lado."

"Matata," in ji shi. "Tacewa suke yi?"

"Suna tacewa."

"Tas?"

Na so in ce a'a, amma ido cikin ido yake kallona, kuma shi ba a yi masa ƙarya.

"Tas," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki ledar abincinsa.

"To, ba abin da ya kai gare ta," in ji shi, ya fita ya tafi ɗaukar tayil.